Yadda Za Ki Gina Manhajar Intanet Don Kada Ƙanin Miji Ya Ɗauke Kwamfuta

Ranar wata Talata matar Direba tana shanya, sai ga makanike ya yi sallama da hular mijinta a hannu. Ya daɗe yana murza hular. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Hajiya, motar dai ba abin da ya same ta." Nan ta gane mai motar ne ya tafi. A gareji ya yanke jiki ya faɗi yana wanke gilashi, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata gida ciki da falo, takalma ƙafa uku, da wata tsohuwar kwamfuta mai murfi wadda ya shekara huɗu yana gina manhajar intanet a cikinta.

Kafin wata biyu wannan mata, da karatunta ya tsaya a aji huɗu, ta zama mai gina manhaja. Ke ma in kin bi matakan nan ba tsallake, tabbas za ki zama. In ma ba ki zama ba dangin mijinki za su ɗauka kin zama, kuma shi ake nema.

Mataki na 1: Samu ƙanin miji mai ido a kan kaya

Ba a shiga wannan ilimi haka siddan, sai da abin da ya koro mutum. Abin da ya koro matar Direba shi ne Auta, ƙanin mijinta, ɗan shekara arba'in da shida, mai shagon tura finafinai a waya, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Ana karɓar gaisuwa, idonsa ɗaya yana hawaye, ɗayan yana kan kwamfuta. Da mutane suka watse ya matso.

"Matar Yaya, wannan abar ƙura kawai za ta tara miki. Bari in kai ta shago a wanke ta tas."

"A wanke ta da me?"

"A goge komai na ciki mana, in zuba finafinai. Me ke ciki? Ai wasan yara Yaya yake yi."

Ita ma ba ta san me ke ciki ba. Ta dai san duk ranar hutu mutumin yana zama gabanta, tabarau a kan hanci, yana danna harafi ɗai-ɗai da yatsa guda kamar mai kashe tururuwa. Shekara huɗun mutum ba kwano ba ce da za a ce a wanke.

Mataki na 2: Shara ƙarya, amma babba

Ƙaramar ƙarya nan da nan ake kama ta. Babba kuwa sai mutane sun tsaya sun huta kafin su fara bincike. Matar Direba ta gyara zama ta ce, "Ai tare muke aikin. Ni zan ƙarasa."

Auta ya yi dariya har tumbin ya ci gaba da rawa bayan shi ya gama.

"Ke? Ke da kike kirana in rage miki ƙarar waya?"

"Ɓoye ilimina nake, saboda irinku."

"To na ji. Wata biyu. Zan zo da Yaya Babba ta gani da idonta. In ba abin nunawa, da kwamfutar zan fita."

Yaya Babba ita ce babbar yayarsu. In ta yanke magana a gidan, ko kyanwa ba ta ƙara tari.

Mataki na 3: Nemo wadda ta fi ki sani da kaɗan

Kada ki je wajen gwani, zai raina ki. Matar Direba maƙwabciyarta ta samu, mai buga wa mutane takardu a bakin titi, wadda ta taɓa yin kwas na sati shida ta gudu a na uku.

Ita ta bayyana mata abin da masu harkar ke kira firemwok. Ta ce, "Kin ga kamar a ba ki riga an riga an yanka, an haɗa kafaɗa, an buga gefe. Ke hannu da wuya kawai za ki sa, ki fita kina cewa ke kika ɗinka."

Akwai wani baƙin allo a kwamfutar. Layi ɗaya za ki rubuta a ciki ki danna, sai fayiloli su zubo kamar an kifar da kwandon wanki. Kada ki buɗe su. Masana sun tabbatar cewa fayil ɗin da ba a buɗe ba bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Mataki na 4: Gano foldar gaskiya

Nan asirin Direba ya tonu. Folda goma sha huɗu suka tarar: "aiki", "aiki sabo", "aiki sabo na biyu", "na gaske", "na gasken gaske", "kar a taɓa", "wannan ne", haka dai har zuwa "wannan ne wallahi".

Ashe darasi goma ne a bidiyo yake bi. Duk sanda ya kai na biyar sai jan rubutu ya cika masa allo, sai ya cire tabarau ya ce, "Sun sake canja tsarin." Ya buɗe sabuwar folda ya koma na ɗaya. Shekara huɗu bawan Allah yana kai da komo tsakanin darasi na ɗaya da na huɗu, kamar yadda yake yi da motarsa tsakanin tasha biyu.

Ki zaɓi foldar da aka rantse a kanta. Direba ba ya rantsuwa a banza.

Mataki na 5: Tayar da sabar

Sabar ita ce injin abin, in ba ta tashi ba shafi ba ya buɗewa. Direba ya rubuta layin tayar da ita a 'yar takarda ya manna a gefen murfi, har da "BISMILLAH" a sama. Ki kwafa daidai, ki buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ki sa adireshin nan mai lambobi. Shafin ba ya buɗewa a ko'ina a duniya sai a wannan kwamfuta. In dangi sun tambaya, ki ce tsaro ne.

Da shafin ya buɗe, matar Direba ta ga abin da aka shekara huɗu ana ginawa. Jerin ayyuka ne. Akwati ɗaya na rubutu, maɓalli ɗaya mai cewa "Ƙara", sai layi sittin da uku, kowanne da ranar da aka rubuta shi.

Gwaji. Gwaji 2. Hhhh. Gyara ƙofar banɗaki. Mayar wa makanike sifanarsa. Daina cewa gishiri ya yi yawa. Koya mata tuƙi.

Maƙwabciya ta ce tana jin kamar ta bar abu a wuta, ta fita. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Manhajar ta iya ƙara aiki, ba ta iya cirewa ba, domin cirewa a darasi na biyar take. Ga abin da za ki nuna wa dangi ke nan: maɓallin "An gama".

Mataki na 6: Saba da jan rubutu

Mai bidiyon yana Turanci kamar ana korar shi. Ki tsayar, ki kwafa, ki mayar baya, ki sake tsayarwa. In maƙwabciya ta dawo cin abincin rana ta fassara miki rabi, ta ƙirƙiri rabi.

Jan rubutu zai zo. Kada ki firgita, kuma kada ki buɗe sabuwar folda. Matar Direba ta kwana tara tana fama da shi. Ta hure madannai, ta juya kwamfutar ta kalli gabas, ta yi mata faɗa, ta ba ta haƙuri. A rana ta goma aka gano wata 'yar alamar baka ce a cikin rubutun aka buɗe ba a rufe ba. Abin da ya fi ƙarfin Direba shekara huɗu bai kai ƙwayar shinkafa ba.

In ƙanin miji ya leƙo leƙen asiri, ki bar baƙin allo a buɗe, ki ɗaure fuska, ki ɗaga masa hannu ba tare da kin waiwayo ba.

"Matar Yaya, me ake ciki?"

"Shiru, Auta. Sabar ba ta son hayaniya."

A kan yatsun ƙafa ya fita.

Ana saura kwana biyu maɓallin ya fito, kore shar, a gaban kowane layi. Ta rubuta aikin ƙarya ta danna, ya ɓace. Maƙwabciya ta ce, "Ya kamata fa ya riƙa tambaya, kin tabbata? Kafin ya goge."

"A ina ake sa wannan?"

"Darasi na shida."

"Na shida ya jira. Ni na biyar aka aiko ni."

Mataki na 7: Ranar nuni

Ki share falo, ki dafa shayi, ki ba Yaya Babba kujerar tsakiya. Auta ya zo har da jakar da zai saka kwamfutar.

Matar Direba ta tayar da sabar a gabansu, ta rubuta "Ba Auta shayi", ta ba shi shayin, ta danna kore, layin ya ɓace.

Yaya Babba ta ce, "Ikon Allah. Sake."

Ta sake.

Auta ya ce, "Bidiyo ne ta ɗauka. Ba ni nan."

Ya ja kwamfutar gabansa yana gangarawa ƙasa, yana karanta ayyukan da ƙarfi, yana ƙyaƙyata dariya. "Gyara ƙofar banɗaki! Yaya ke nan! Sayo sabon buroshi! Raka Auta asibi..."

Sai ya tsaya. Yaya Babba ta miƙo wuya. "Me ya ce? Ƙarasa mana."

Matar Direba ta san layin, don ta haddace duka sittin da ukun. "Raka Auta asibiti a auna jininsa, tsoron allura yake, kar a faɗa wa kowa." Kafin Yaya Babba ta gama saka tabarau, Auta ya danna kore. Layin ya tafi.



"Dawo da shi," in ji Auta.

"Ba ya dawowa."

"Haba matar Yaya, ke da kika gina abin. Dawo da shi."

"Wannan sai darasi na gaba, kuma ko na kai can, wanda ya tafi ya tafi."

"To sake rubutawa."

"Zan iya. Amma ranar yau za ta hau kai, kuma yatsana ne."

Auta ya zauna yana kallon wurin da layin yake, inda na ƙasa ya riga ya matso ya cike gurbin. Can ya ja hanci ya miƙe, ya naɗe jakarsa ya cusa a hammata.

"Da ma tsohuwa ce. Ko fim biyu ba za ta ɗauka ba."

Yaya Babba ta kurɓi shayi ta ce, "Kwamfuta ta zauna inda take. Kai kuma wane asibiti ne?"

"Ba komai, Yaya."

"Jibi ka shirya. Na san ka da allura tun kana yaro. Ni zan raka ka, in ga wadda ta fi ka girma."

Mataki na 8: Cire maɓallin

Da baƙi sun tafi ki koma cikin fayil ɗin, ki goge duk abin da kika yi wata biyu kina rubutawa. Minti ɗaya ya isa. Manhaja ta koma yadda mai ita ya bar ta, tana karɓa ba ta bayarwa. Saura layi sittin da biyu, kuma ba yatsan da zai sake rage ko ɗaya, har da "Hhhh".

Kada ki je darasi na shida. Ba abin da kika ajiye a can.

Gargaɗi

Da ka aka rubuta wannan, iya abin da aka tuna. Duk wadda ta bi matakan nan kwamfutarta ta yi hayaƙi, ko shayinta ya zube a madannai, ko ƙanin mijinta ya daina yi mata dariya har sati uku, ko ta buɗe wata folda ta ga abin da ya zaunar da ita a ƙasa, ita ta jiyo, ba ruwan kowa. Ba a karɓar kuka, akwai isasshe a gidan.

Mai ƙorafi ya zo bayan ƙarfe tara. Kafin nan matar Direba ba ta da lokaci, tana gaban kwamfuta da kofinta, ta tayar da sabar, tana ƙara wa marigayin aiki ɗaya da yatsa guda. Na yau, ya zo ya kashe ƙadangaren da ya shiga bayan firiji. Ayyukan sun kai ɗari da tara, ko ɗaya bai taɓa ba. Da ma halinsa ne.