Keken Shanya da Hatimi Biyar

Wani ne a garin Yangpyong ya sayi keke na gani na faɗa, da hular kwano da matsattsen wando. Ya ce zai bi hanyar keke ta bakin kogi har sai ya ga teku. Shekara uku keken na jingine a falo, matar tana shanya tawul da safa a kansa. Ni kaina na je gidan, sai da na ɗaga zanin gado na ga sirdi.

Wata safiyar Asabar matar ta dire masa ɗan littafin nan da masu keke ke buga wa hatimi a jajayen rumfunan bakin hanya, shaidar sun bi ta wurin.

Ta ce, "Baban Yuna, rumfa biyar ce daga nan zuwa bayan garin Yoju. Ka kawo min hatimi biyar kafin rana ta faɗi. In ba haka ba Yaya Dokpal na zuwa da mota, keken ya zama nasa."

Ya ce, "Keken nawa?"

Ta ce, "Keken shanyata dai."

Shi kuwa a duniya ba wanda ya tsana kamar wan matar nan, mai lambobin yabo na tseren keke rataye a bango har bakwai. Ya kwashe safa, ya hau, ya fita.

Rumfar farko, ta nan Yangpyong, ya tarar tawada ta bushe ƙamas. Ya hura wa hatimin iskar baki kamar yadda kowa ke yi. Ya hura, ya hura, har jiri ya ɗebe shi, ya buga, ba komai. Sai ya buɗe guzurinsa. Matar ta haɗo masa naɗin shinkafa da jan yajin nan namu mai kauri. Ya tsoma hatimin a yaji, ya danna a littafi. Ya fito raɗau, ya fi na tawada kyau.

Ya ce, "Ashe mutane wahala kawai suke so."

Ya yi gaba. Can wajen gonar gyaɗa ya tsaya, ya baje littafin a kan sirdi don yajin ya bushe, ya zaga bayan ciyawa. Kafin ya dawo wata baƙar akuya ta gama da littafin, igiyar littafin kawai ke lilo a bakinta.

Ya kama ƙahonta zai ɗora ta a keke. Tsohuwar mai gona ta fito da fartanya.

"Kai! Ina za ka kai min akuya?"

"Iya, aro zan yi. Hatimina na cikinta, matata kawai zan nuna wa."

"Matarka cikin akuya take gani?"

"Ba ki san ta ba ne, Iya."

Tsohuwa ta ɗaga fartanya, ya saki akuya.

Ya koma da baya har rumfar farko, tafiyar awa guda. Ya tarar da wani dattijo mai suna Pyo, siriri kamar sandar rake, yana shinshina hatimin.

Dattijo ya ce, "Wane ɗan banza ne ya yi miya da wannan?"

Mutumin ya ce, "Mutane ba su da hankali, Baba."

"Wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa. Dattijo ya ce, "Na girme ka da ashirin da biyu. Riƙe min keke." Ya goge hatimin, ya zaro tasa tawadar daga aljihu, ya buga a littafinsa. "Ina naka?"

"Akuya ta ci."

"To a ina za ka buga?"

Mutumin ya dubi hagu, ya dubi dama, sai ya cire hular kwano ya miƙa goshi. Dattijo ya danna masa.

Suka kama hanya tare. Rumfa ta biyu aka buga masa a damtsen hagu, ta uku a na dama. Matsalar ita ce tsohon nan gudu yake kamar ana binsa, ga rana ta take. Gumi ya karyo. Jar tawada ta soma gangarowa ta kan hanci.

"Baba, a rage gudu, Yangpyong na zuba!"

"Daina gumin mana!"

Ya yi iya ƙoƙarinsa ya daina. Ya ɗaga kai sama don goshi ya sha iska, ya ware gwiwoyin hannu kamar kaza za ta tashi. Bai ga hanya ba, ya bi ta tsakiyar masu kamun kifi, ya fito da ƙugiya a wando. Rumfa ta huɗu aka buga a ciki, ta biyar, ta can wajen Yoju, da yake wuri ya ƙare, ya sunkuya aka buga a tsakiyar gadon baya.

Biyar cif, rana da sauranta. Mutumin nan har da ƙwalla. Tunda yake bai taɓa fara abu ya gama ba.

Dattijo ya dafa shi ya ce, "Ka burge ni, ƙanena. Mu je gidan wanka, ni zan biya."

Mutumin ya tuna da hatiman jikinsa. Amma wa zai ce a'a wa wanda ya girme shi da shekara ashirin da biyu? Ya sunkuya ya ce, "Na gode, Baba."

A gidan wanka kowa ya shige ruwan zafi, shi ya tsaya a lungu da hannuwa sama, tururi na neman kashe shi. Dattijo ya kira mai dirzar jiki, wani ƙato da koren soso a hannu.

"Ka dirje min shi tas. Yau ya wahala."

Aka kwantar da shi a kan gado. Ƙato ya ɗaga soso.

"Yallaɓai, ban da goshi."

"To."

"Ban da hannuwa. Ban da ciki. Ban da baya."

"To ina zan dirza?"

"Kunne."

Ƙato ya dubi dattijo. Dattijo ya ce, "Kunya yake ji, ci gaba." Soso na taɓa kafaɗa mutumin ya sulle ta ƙasan gado kamar tarwaɗa, ya suri kayansa. A bakin ƙofa ya sa wando. A cikin jirgin ƙasa na komawa gida ya ƙi zama, ya ƙi jingina, ya tsaya riƙe da keke yana cewa mutane, "Don Allah a yi hankali, kar a goga min Yoju."

Ya iso gida rana ta yi ja. Motar Yaya Dokpal na ƙofa, an riga an buɗe bayanta.

Matar ta ce, "Ina littafin?"

Mutumin ya jingine keken. Ya tuɓe riga a tsakiyar falo, ya ware hannuwa, ya juya a hankali. Yaya Dokpal ya sa tabarau, ya zagaya shi sau biyu, ya ƙirga da yatsa.

Ya ce, "Biyar ne. Na gaskiya ne kuwa." Muryarsa duk ta mutu.

Mutumin ya ce, "Maman Yuna, kin ji dai. Keke ya zauna."

Yaya Dokpal ya ce, "Sai dai bai ƙare ba. Littafi ofis ake kai shi, su duba, su manna masa takardar shaida. Wani lokaci yakan yi sati a wurinsu."

Matar ta dubi mijin, ta dubi keken, ta ɗauko jiƙaƙƙen tawul ta shanya a kan sirdi.

Ta ce, "To Yaya, tunda ka zo da mota, ɗauki littafin. Keken ka bar min, shi yana da amfani."