Kawu Ɗanliti da Gajimaren Gabas

Gidanmu na ƙarshen gari, kusa da rafi. Mu huɗu ne: ni, Inna, kaka Delu, sai ƙanen Inna, Kawu Ɗanliti, mutumin da in ka ce masa "zauna nan" sai ka dawo ka tashe shi. Da na gama zangon farko a jami'a, inda nake koyon ilimin yanayi, aka ba mu aikin hutu: kowa ya rubuta yanayin garinsu kullum. Kawu ya ce shi zai taya ni.

Wata rana na kafa gwangwanin auna ruwan sama a tsakar gida, na ce, "Kawu, kula da shi, kada komai ya taɓa shi." Na tafi kasuwa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na dawo da murna, sai na tarar da gwangwanin a ƙarƙashin gado, a bushe.

"Da ƙyar na cece shi, Sakina," in ji Kawu. "Ɗigo uku kawai suka same shi, na goge."

Wata rana na miƙa masa ma'aunin zafi, na ce, "Ba a sa shi a rana. Kai shi wurin inuwa." Da azahar na nema, babu. Ashe ya kai wa Inuwa mai shayi, shi kuwa ya jingina shi da tukunya. Ma'auni ya haye har ƙarshe. Kaka ta yi dariya har da hawaye.

Wata rana, rana na ƙwallewa, na hango gajimare ya yi tsiri can gabas. Ina tsakiyar rubutu, na ce, "Kawu, bi mini gajimaren can, ka gaya mini abin da ya yi." Da ido nake nufi. Kawu ya hau keke.

Can sai ga shi a guje, jiƙe sharkaf. "Ya fashe a kan duwatsu! Ruwa ja yana gangarowa!"

Malaminmu ya koya mana cewa ruwan da ya sauka a tudu yakan cika rafi ko da ɗigo bai faɗi a gari ba. Inna kuwa tana cikin rafin tare da mata kusan goma, suna wanki a 'yar ƙoramar da ta rage. Na ruga ina ihu, Kawu na biye da ni yana buga ƙararrawar kekensa. Mata suka haye gaɓa, wasu ba takalmi. Ba su gama haki ba ruwa ya iso, ya tafi da bahuna da zannuwa.

Inna ta riƙe hannun ƙanenta tana kuka. "Allah ya yi maka albarka, Ɗanliti."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya dube ni.

"Yi haƙuri, Sakina. Na so in kawo miki shi bai fashe ba."