Kifin Tomezo da Man Shanu

An haifi Oikawa Tomezo ranar tara ga Maris, 1941, a nan Kesennuma, garinmu na masunta a bakin teku. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tsayuwa a goshin jirgi da mashi, yana sukar kifin takobi. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ni na koyar da jikarsa Chisato a firamare. A bazarar da nake magana a kai, Tomezo ya daina cin abinci, ya rame ƙwarai, har ɗansa ya yanke hukunci: in bai ƙara nauyi ba kafin ƙarshen wata, za a ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi a Sendai. Saboda haka Chisato ta zo da yankan kifi uku, ta gayyace ni cin abincin yamma.

"…lafiya lau, Malam, shigo," in ji Tomezo. "Zo ka shaida laifi. Ɗalibarka za ta shafa wa kifina man shanu."

"Kifinka? Kaka, a kasuwa na saye shi. Rabonka da mashi tun ina goye."

"Duk kifin takobin da ke tekun nan ya san sunana. Iyayensu ke tsorata su da ni."

"Yanzu kam da hotonka za su tsorata su. Dubi wuya kamar na zalɓe."

Ta barbaɗa wa kifin gishiri, ta jira ya yi gumi, ta goge shi da tsumma mai tsabta. Ya miƙo wuya yana duba jan layin da ke jikin naman.

"Na bazara ne, ba kitse," ya ce. "An cuce ki, 'yar birni."

"Shi ya sa na kawo man shanu, tsoho. Na hunturu ne ke zuwa da mansa. Wa ya koya mini haka?"

"Wani mahaukaci."

"Yana zaune a gabana."

Kasko ya yi zafi, kifi ya fara ƙara. Ta juya shi sau ɗaya tak, ta jefa man shanu, ta ɗiga ruwan waken suya da lemun tsami, tana ɗiba da cokali tana zuba masa a baya.

"Kakarki ba ta taɓa yi mini wannan cin mutuncin ba. A romo take dafa shi, kamar mutanen kirki."

"Kakata ta yi haƙuri da kai shekara hamsin. Ni kwana uku na ɗauko hutu."

"To kifi ne wannan ko ɗan maraƙi?"

"Ci ka gaya mini. Ko ka fi son kunun Sendai? An ce a can da cokali ake ba mutum a baki, taga kuma bango take kallo."

Nan ya juya ya dubi tashar jiragen ruwa ta taga, ya daɗe. Ita kuwa ta rage wuta.

"Ba na so su tafi da kai, Kaka," ta ce a hankali.

"Wa zai iya ɗaukata? Miƙo tsinkayen cin abincin nan, kada ki sa mini hawaye a ciki, gishirin ya yi yawa."

Ya gutsura, ya tauna a tsanake, mu biyu muna kallon bakinsa.

"Yaya?"

"Abin kunya ne," ya ce. "Ƙaro shinkafa."

Ya cinye nasa, ya kai hannu ga rabin nata, tana bugun hannun yana dariya. Daga bisani ya sa ta ɗauko wuƙarsa ta fiɗar kifi, ya ce ta riƙe, tunda ta kayar da mai ita.

Ba a kai shi Sendai ba. Ya ƙara shekara biyu a gidansa. Bayan rasuwarsa aka ba ni littafin da yake rubuta yanayin teku kullum, domin ni kaɗai ke iya karanta rubutunsa. A ƙarƙashin ranar nan ya rubuta: "Iskar kudu, teku kwance. Wata bakwai ke nan harshena bai jin ɗanɗanon komai. Na cinye duka. Gobe ma zan ci."