Mara Lafiya Mai Ƙafar Agwagwa

Alhaji Namadi ɗan canji ne a Kano, kuma bai yarda da kowa ba a kan kuɗi, har da inuwarsa. Da abokai suka ja shi yawon nutso a Bahar Maliya, can ƙasar Masar, ma'aikacin otal ya nuna masa akwatin ajiya a ɗaki. Alhaji ya harari akwatin, ya harari ma'aikacin, ya cusa dalolinsa kaf a lalita, ya ɗaure a ƙugu, ya ɗora rigar robar nutso a kai. Da su ya shiga teku, da su ya yi ta ɗaga wa kifaye hannu.

Da aka fito, daloli sun jiƙe sharkaf, sun manne da juna kamar danƙo. Mai canjin bakin teku ya ɗaga su da yatsa biyu, ya shinshina, ya turo masa abinsa. Abin ya yi wa Alhaji ciwo ƙwarai, don shi ma haka yake wulaƙanta mutane in suka kawo masa dala mai ɗigon manja.

Ga mai jirgin ruwan da ya kai su nutso ya riƙe fasfonsa, ya ce sai an biya shi. Abokai kuwa, da ma a aljihun Alhaji suka zo, kowa ya hau kallon sama. Dole ya zaro katin banki. Aka latsa, aka latsa, sai na'urar biyan kuɗi ta ce a sa lambar da banki ya tura. Layin da ake tura lambar kuwa yana gida, a hannun matarsa, Hajiya Kubura, wadda ya gaya wa cewa asibiti zai je a Alƙahira a duba masa ciwon baya. Har kuka ta yi masa a filin jirgi.

Ya ari waya, ya marairaice murya irin ta majinyata.

"Hajiya, wata lamba ta shigo yanzu. Karanto mini, kuɗin magani zan biya."

"Sannu Alhaji, ya jikin? Amma 'yan damfara sun yi yawa, har murya suke kwaikwayo. Kunna bidiyo in gan ka."

Alhaji ya waiga neman bangon da zai yi kama da na asibiti, babu bango sai teku. Ya kunna. Hajiya ta gan shi tsamo-tsamo cikin baƙar roba, tumbi a gaba, gilashin nutso a goshi, ƙafafu cikin takalma irin na agwagwa, ga mai jirgi a bayansa yana kaɗa fasfo.

"Wallahi ni ne, Hajiya! Likita ne ya ce ruwan gishiri na gyara baya. Karanto lambar, don girman Allah!"

Hajiya ta ƙare masa kallo daga goshi har ƙafa, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Bawan Allah, mijina yana kwance a asibiti, ko takalmi sai an sa masa. Ka nemi matar wani kwaɗon ka damfara."