Goron da na kai wa Rabi

Duk Tasawa ba wanda ya kai ni sanin zuciyar mata. Na karanta wani littafin soyayya na zamanin yaƙi, barde da ɗiyar abokin gabarsa suka kwashe shafi ɗari biyu suna zage-zage, ƙarshe sai aure. Kaina ya ɗaure. Ashe haka ake so? Sai na tuna Rabi, bazawarar da muke iyakar gona a Korgom, shekara bakwai tana zagina kan awakina. Na zuba babbar riga, na kai mata goro, na ce na gane saƙonta.

"Wane saƙo? Malam, ni tsakanina da Allah na tsane ka."

Har yau in na doso fada sai an ce, "Ango, amarya ta ƙara zagi?"