Ranar da Gahawa Ta Kwantar da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je duba marar lafiya, aka ƙare ni ake yi wa fifita.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya a Jidda aka nemi ɗalibai su bi ayarin ma'aikatan lafiya na wucin gadi zuwa wani ƙauyen makiyaya a cikin duwatsu, inda ba asibiti sai irin wannan ziyara. Na yi karatu kamar mai shirin jarrabawa (har maganin harbin kunama na haddace). Shugabar ayarin Anti Sa'adiyya ce, Bahaushiyar Sudan, maƙwabciyarmu a unguwar Sa'alaba.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Ummu Salih, mai ciwon suga da gyambo a ƙafa. Ta hana kowa gani. Mu kuma da la'asar za mu juya, ayari na gaba sai bayan watanni. Anti ta ce, "Ke ba ki da surutu. Yalla, je ki zauna da ita, ko za ta sake."

Na zauna. Ta zuba mini gahawa a finjali, na shanye. Ta ƙara. Na san sarai in mutum ya ƙoshi girgiza finjalin yake yi, amma ni da Inna ta rena a kan ba a mayar da hannun babba, sai hannuna ya ƙi. Tana zubawa, ina sha, ina godiya. (Ko karin kumallo ban yi ba.)

Da na ga ta fara murmushi, sai na fito da 'yar na'urar auna bugun zuciya. Don in nuna mata ba ta cizo, na maƙala a yatsana. Nan take ta kama ƙara. Gahawar ta sa zuciyata tsere, gumi na zuba, ɗakin na juyawa. Anti ta leƙo, ta dubi na'urar, ta dube ni.

"'Yar nan, wace ce marar lafiyar a cikinku?"

A tabarmar da muka shimfiɗa wa majinyata aka kwantar da ni, da farar rigata da komai. Matan ƙauyen suka cika ƙofa. Ummu Salih na yi mini fifita, tana dariya har da hawaye. Can sai ta miƙe ƙafa, ta kwance tsumman da kanta.

"In kin warke ki duba, ya binti, 'yata. Wadda ta sha gahawata haka ba za ta cuce ni ba. Amma ke kaɗai."

Anti ta ɗura mini ruwa har na dawo daidai. Na wanke gyambon a tsanake, na ɗaure, kuma kafin mu tashi Ummu Salih ta yarda ɗanta ya kai ta asibiti. Ƙafar tana nan, ba a yanke ba. Ayarin da ya je bayanmu ya ce da ƙafarta ta tarye su, tana tambayar "'yar gahawa".

Yanzu daga finjali na biyu nake girgizawa, ko a gaban wa. Sai dai in akwai ƙafar da ake ɓoyewa. To nan fa, a zuba, amma sai na karya kumallo tukuna.