Hannu a Bayan Opa Teun

"Ashe kana nan da ranka, Opa? Ni da na taho da shirin kuka," in ji Fenna ga kakanta Teun, wanda take kira Opa.

"Adana kukan, zai yi miki amfani ranar da kika dubi madubi da kyau. Kin tashi lafiya, mummuna?"

"Lafiya lau, tsohon ƙarfe."

Teun na tsaye riƙe da baƙin kekensa a ƙofar gidan da ya shekara hamsin da ɗaya a ciki, a Amsterdam. Tagogin sama babu labule. 'Yarsa Ineke ta riga ta loda kayansa a mota ta yi gaba, domin yau zai koma gidan tsofaffi a ƙauyen Ouderkerk, bayan faɗuwa biyu da ya yi a matakala cikin wata guda. Abu ɗaya ya roƙa: kada a kai shi a mota kamar kujera. A kan kekensa zai isa. Ineke ta yarda, amma da sharaɗi. Jikarsa Fenna za ta raka shi, in kuma ya sa ƙafa a ƙasa ya kasa ci gaba, a nan za a kira mota.

Ya dubi abin da Fenna ta hawo.

"Wannan keke ne ko firji?"

"Mai batir ne, Opa."

"A zamaninmu, sai wanda ƙafarsa ta mutu ake saya wa irinsa."

"A zamaninku ai ko taya ba a ƙirƙiro ba. Na ji an ce kai ka haƙa kogin Amstel da cokali."

"Da hannu. Cokalin na bar wa uwarki tana ba ki abinci, ga shi ba ki daina ci ba har yau."

Ya ɗaga kai ya dubi tutar da ke kan wani jirgin ruwa. Iskar daga kudu take, daidai inda suka nufa. Tun Fenna tana ƙarama ya koya mata a fita ana fuskantar iska, don in an gaji ta turo mutum gida. Ya ga ta buɗe baki za ta tuna masa, sai ta rufe, ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Suka bi bakin kogi. Ruwan ya yi launin toka, sama ma haka. Wasu 'yan mata huɗu suka wuce a kwalekwale, suna tuƙi ba magana. Gidajen birni suna tare iskar, don haka tafiyar farko ba ta yi wuya ba.

"Sarƙar nan taka tana kuka kamar an taka kyanwa," in ji Fenna.

"Waƙa take yi. Ta girmi ubanki, kuma ta fi shi amfani."

"Zan gaya masa."

"Ya sani. Na gaya masa ranar aurensa."

Da suka zo daidai maƙabartar da ke bakin kogi, inda aka binne matarsa Riek, wadda Fenna ke kira Oma, Teun ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, bai juya kai ba. Shekara shida ke nan yana yin haka duk lokacin da ya wuce.

"Ka bar Oma Riek ta huta mana. Shekara hamsin tana fama da minsharinka."

"Ba tashinta nake yi ba. Cewa nake ta matsa, ta bar min gefen bango."

"Ba za ta matsa ba. Ta ce min ba ta taɓa samun barci irin wannan ba."

"Ƙarya kike yi. Matar nan ba ta iya barci sai ta ɗora min ƙafarta mai sanyi."

Suka yi tafiya kaɗan, sarƙa kawai ke magana.

Bayan tsohon injin niƙa mai fukafukai, gidaje suka ƙare. Fili ya buɗe, sai ciyawa da magudanan ruwa da shanu sun juya wa iska baya. A nan ta same su. Ta daki ƙirjin Teun kamar an turo masa ƙyaure. Ya sunkuya ya danna feda. Gwiwar hagu, wadda ya faɗi a kanta, ta fara rawa. Tayar gaba ta karkata wajen ruwa, ya maido ta da ƙyar. Ta sake karkata.

Da gefen ido ya ga hannun Fenna ya tafi aljihun da wayarta take. Saura kilomita huɗu. Ya san ba shi da ko ɗaya a ƙafarsa.

Hannun bai shiga aljihu ba. Sai ya ji shi a tsakiyar bayansa, tsakanin kafaɗu, daidai inda shi yake sa nasa a bayanta tana 'yar shekara biyar, a wannan hanya, a cikin irin wannan iska.

"Cire hannunki."

"Ba zan iya ba."

"Na ce ki cire. Ba a tura ni. Ba a taɓa tura ni ba."

"Wa ya ce tura ka nake yi? Batir ɗina ne ya mutu. Riƙe ka na yi ka ja ni."

Teun ya kasa kunne. Kunnensa ya yi nauyi, amma bai yi nauyin da zai kasa jin ɗan injin yana gurnani a ƙarƙashin sirdinta ba. Feda ta yi sauƙi a ƙafarsa. Tayar gaba ta miƙe.

Iska ta sa idonsa ruwa, ya bar shi a kan iska.

"Na gaya miki firji ne," ya ce daga baya.

"Ka gaya min."

"Kai, nauyinki! Saniya nake ja ko mutum?"

"Cukun da kake ɗura min ne tun ina yarinya. Ja, tsoho, kada ka bar ni a daji."

"Da na san haka za ki zama, da tun ranar da kika faɗa magudanar can na bar ki kwaɗi su rene ki."

"Kai ka sake ni ai. Kana kallon wata mai jar riga."

"Oma ɗinki ce mai jar rigar, mara kunya."

"Oma tana gida ranar."

"To, kada ki faɗa da ƙarfi, ba mu yi nisa da ita ba."

Hasumiyar cocin Ouderkerk ta bayyana. Teun ya yi gyaran murya.

"In uwarki ta tambaya fa?"

"Zan ce tun daga injin niƙa kake ja na, kana zagina."

Kafin kwanar ƙarshe, hannun ya bar bayansa. Shi ma haka yake yi a da: yakan sake ta kafin su iso layinsu, don Riek ta hango ta daga taga tana tuƙi ita kaɗai. Wurin da hannun ya tashi ya yi sanyi. Ya cije, ya danna. Taku hamsin ne, ko ƙasa da haka. Ineke na tsaye a bakin ƙofar gilashi da waya a hannu, kusa da ita wata ma'aikaciya riƙe da kujera mai taya. Teun ya wuce kujerar, ya ja birki, ya sauka da ƙafarsa.

"Ki mayar, baiwar Allah," ya ce wa ma'aikaciyar. "Ko ki ba wannan, ita ce ta gaji."

Ya sunkuya ya kulle tayar baya kamar kullum, ya zare makulli. Sai ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu. Babu inda za shi gobe, ko jibi.

"Ungo, raguwa."

"Me zan yi da tarkacen nan?"

"Ki koyi keke. Ki sa wa sarƙar mai duk wata. Ƙararrawa sau biyu in kin zo wajen Oma." Ya danƙa mata makullin, ya rufe yatsunta a kai. "Maza, iska na bayanki. Za ta kai ki har gida."

"Kai fa, Opa?"

"Ni ai na iso."

Fenna ta buɗe kulle, ta hau baƙin keken, ta kamo nata da hannun dama tana ja a gefe. Sirdin ya yi mata tsawo, da ƙyar yatsun ƙafarta ke kai feda. A kan nata kuwa, 'yar koriyar fitilar batir tana ci.

"Fenna!"

Ta juyo.

"Gawar batir ɗin nan taki, idonta a buɗe yake. Ki rufe mata, kada uwarki ta gani."

Ta yi dariya, ta share fuska da kafaɗa. Shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi.

"Kin ci wasan yau," ya ce. "Tafi."

Ya tsaya yana jin kukan sarƙar har ta sha kwana. Sannan ya bar Ineke ta kama masa hannu.